Zinariyar Yawuri, Kuzar Jos da Shirin Yaƙin Hitila

Ranar 21 ga Satumba 1931 gwamnatin Ingila ta raba fam da zinariya. Kafin wannan rana doka ce ta ɗaure su tare: oza guda, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, kuɗinta sule 85 ne saura kaɗan, ba hawa ba sauka. Da aka kwance igiyar sai fam ya faɗi, zinariya ta tashi. Kafin shekarar ta ƙare oza ta kai wajen sule 120 a kasuwar Landan. A Janairun 1934 Shugaba Roosevelt ya ɗaga farashin da Amurka ke saye daga dala 20.67 zuwa dala 35, kuma zuwa 1935 ana sayar da oza a Landan kimanin sule 140. Duk wannan ya faru ne a lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga da fata suke ta zubewa ƙasa.

Da wuya a ce wannan labari ya iso kasuwar Yalwa a makon da ya faru. Amma cikin 'yan shekaru mutanen ƙasar Yawuri sun ga sakamakonsa da idonsu: Turawa da lebura sun bazu a rafuka da kwazazzabai suna wanke ƙasa.

Ita dai zinariyar tana nan tun fil azal. Akwai wani zirin tsofaffin duwatsu da ya ratso daga wajen Anka da Maru, ya bi ta ƙasar Zuru ya gangaro bakin Kwara, kuma a cikinsa akwai jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya. Mafi shahara a wannan gefe shi ne na Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarautar, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Ruwan damina na dubban shekaru ya yi ta gugar waɗannan duwatsu yana zuba garin zinariya a cikin yashin rafuka. Turawa sun fara rubuta abin da ake samu a Nijeriya tun 1913, sai dai bai taka kara ya karya ba. A farashin sule 85, wahalar ta fi ribar yawa, kuma duk mai neman arziki a ƙarƙashin ƙasa Jos yake nufa.

Tun kafin a sara diga ko ɗaya, an riga an raba abin da za a samu. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin Royal Niger Company ranar 1 ga Janairu 1900, ta biya shi fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin duk kuɗin fito da za a karɓa a kan ma'adinai har shekara 99, a ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara daga yamma da wani layi da aka ja a taswira daga Yola zuwa Damagaram daga gabas. Yalwa da Birnin Yawuri da Wara duk suna gabashin kogin, saboda haka suna ciki. Jos ma tana ciki. Kamfanin Lever ya sayi kamfanin Neja a 1920, a 1929 kuma aka narkar da shi cikin UAC, wanda ya gaji alkawarin. Dokar ma'adinai ta 1916 kuwa ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarkin Ingila ne. Sarkin Yawuri Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1923 ya yi mulki har 1955, yana da iko da haraji da shari'a da aikin hanya, amma ba shi da ta cewa a kan wanda za a ba izinin haƙa a ƙasarsa. Wannan takarda daga ofishin ma'adinai na gwamnati take fitowa.

Tsadar zinariya ita kaɗai ba za ta kawo hannuwan da za su yi aikin ba. Abin da ya sako su shi ne abin da ya faru da kuza.

A 1926 tan guda na kuza ya kusa fam 300 a Landan. Zuwa 1931 ya dawo fam ɗari da 'yan kai. Manyan masu ramukan kuza, musamman rukunin John Howeson da ke da hannu a Malaya da Jos, suka matsa wa gwamnatoci, a watan Maris 1931 aka ƙulla yarjejeniyar taƙaita haƙar kuza tsakanin Malaya, da Boliviya, da tsibiran Indonesiya da ke hannun Holan, da Nijeriya. Kowace ƙasa aka yanka mata kason da ba za ta wuce ba. Ba ɗan Nijeriya ko ɗaya a teburin. Jami'an ofishin mulkin mallaka ne suka sa hannu da sunan ƙasar. Farashi ya farfaɗo, masu hannun jari suka numfasa, amma a Jos da Bukuru da Barikin Ladi an rufe ramuka da dama, yawan lebura ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru. Ƙananan Turawan da kasonsu bai isa ya riƙe su ba suka naɗe tabarma, suka ɗauki heluma da tsofaffin leburansu, suka nufi yamma: Minna, Birnin Gwari, Kwantagora, Malele, Yawuri.

A can kuma suka tarar da manoma cikin matsi. Fara ta sauka a Arewa tun ƙarshen 1929, ta yi ta dawowa shekara bayan shekara. A yammacin Nijar an yi yunwa mai tsanani a 1931. Tan na gyaɗa a Kano ya faɗi ƙasa da fam uku a 1934. Amma haraji bai san fara ba, kuma tsabar kuɗi ake karɓa. Magidanci a ƙasar Kambari ko Dukawa, ko Bagunge da albasarsa ba ta yi kasuwa ba, yana buƙatar 'yan sulalla kafin dogarin hakimi ya tsaya a ƙofar gidansa. Aikin wanke ƙasa a rani, bayan an kai amfanin gona gida, ya zo masa daidai.

Aikin ba ya buƙatar injin kirki, kuma wanda ya taɓa zuwa dabar masu haƙa a yau ya ga yadda yake, domin bai canza sosai ba. Mutum ya tona yashin gindin rafi har ya kai tsakuwar da ke kwance a kan dutse, ya ɗebo a kwano ko ƙwarya, ya tsuguna a bakin ruwa. Ya riƙa juyawa yana karkatawa, ruwa yana tafiya da laka da yashi mara nauyi, yana tsince tsakuwa da yatsa yana jefarwa. A ƙarshe abin da zai rage baƙin yashi ne kamar cokali guda, a gefensa kuma, in an dace, wani siririn layi mai ruwan ɗorawa. Yini guda yana iya ƙarewa a kan abin da bai kai ƙwayar dawa ba. Inda zinariyar take cikin dutse, kamar a Birnin Yawuri, sai an bi jijiyar da rami, a fasa dutsen, a daka shi ya zama gari kafin a wanke. Yawancin masu izinin ba albashi suke biya ba. Mai wanki ya kawo abin da ya samu, a ɗora a sikelin Bature, a biya shi gwargwadon nauyi a farashin da mai izinin ya yanka, wanda yake ƙasa ƙwarai da na Landan. In rafi bai ba da komai ba, asarar ta mai wanki ce. Ba mamaki wani kaso ya riƙa bin bayan fage zuwa hannun maƙera da fatake, har gwamnati ta kafa dokar cinikin zinariya a tsakiyar shekarun 1930 don toshe wannan kafa.

Akwai wani dalili da ya sa zinariya ta dace da Yawuri fiye da sauran kayan da Turawa ke so. Masarautar ta daɗe a kan hanyar fatauci. Ayarin goro na Gwanja suna ƙetare Kwara a wannan yanki, kuma Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi rubutu mai zurfi a kan wannan zamani. Amma jirgin ƙasa daga Legas zuwa Kano ya bi ta Jebba da Zungeru, ya bar Yawuri a gefe, kuma duwatsun Busa sun hana manyan jiragen ruwa haurowa. Buhun gyaɗa daga Yalwa sai kuɗin dako ya cinye shi kafin ya ga tasha. Zinariyar wata guda kuwa tana shiga aljihu. A tsakiyar shekarun 1930 abin da Nijeriya ke fitarwa ya kai kimanin tan guda a shekara, mafi yawansa daga wankin rafi a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato. In aka gwada da Afirka ta Kudu, wadda ke fitar da fiye da tan 300, wannan ba komai ba ne. Amma ga ƙasar da kuɗin shigarta ya karye, abu ne da ake lissafi da shi.

A daidai waɗannan shekaru ne manyan ƙasashe suka shiga lissafin abin da za su rasa in yaƙi ya ɓarke. Jamus tana da kwal, amma ba ta da man fetur isasshe, ba ta da roba, ba ta da kuza, kuma tana da babban giɓi a man girki da kitse. Zinariya da kuɗin waje kuma sun ƙare mata. A 1934 ministan tattalin arzikin Jamus, Hjalmar Schacht, ya fito da tsarin da babu mai shigo da kaya sai da izini, kuma wanda ya sayar wa Jamus kaya ana biyan sa ne da kuɗin da ba a kashe shi sai a Jamus. A 1936 Hitila ya ɗora na hannun damansa Goering a kan shirin shekara huɗu, da umurnin cewa tattalin arzikin ƙasar ya zama a shirye don yaƙi. Nijeriya tana cikin wannan lissafi, domin Jamus na cikin manyan masu sayen ƙwarar manja da gyaɗa da koko, kuma kamfanonin Hambug irin su G. L. Gaiser suna da kantuna a ƙasar. Man da ake tatsa daga waɗannan 'ya'yan itace yana shiga abinci da sabulu, kuma daga cikinsa ake fitar da gilisarin da ake haɗa nakiya. Kamfanin Unilever, uwar UAC, shi ne babba a harkar man shafa burodi a Jamus. Da ribarsa ta maƙale a can, sai ya yi amfani da ita ya sa aka ƙera masa jiragen ruwa a ma'aikatun Jamus, wasunsu kuma suka shiga jigilar kayan Afirka ta Yamma. Kamfanin da ke karɓar rabin kuɗin fiton zinariyar Birnin Yawuri ke nan.

Hitila ya riƙa cewa an hana Jamus albarkatun ƙasa tun da aka ƙwace mata Kamaru da Togo da Tanganyika. A Satumban 1935 ministan harkokin wajen Ingila, Samuel Hoare, ya ce a Janeba a shirye suke a duba yadda za a raba damar samun waɗannan kaya. Zuwa ƙarshen 1938, bayan an miƙa wa Hitila wani yanki na Cakoslobakiya, jita-jita ta cika Legas da biranen Arewa cewa Nijeriya ce za a ba Jamus don a rarrashe ta. Gwamna Bourdillon ya fito ya ƙaryata. Wannan jita-jita na cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita.

Amurka kuma kuza ce ciwon kanta. Ita ce ta fi kowa amfani da ita, a gwangwanin abinci da dalma da sassan injin mota, amma ba ta da ramin kuza na kirki, kuma tana ganin yarjejeniyar 1931 a matsayin haɗin bakin Ingila da Holan don tatsar ta. Kuzar Jos duka Ingila ake kai ta, a narke a kusa da Libaful. A watan Yuni 1939 majalisar Amurka ta zartar da dokar tara kayan da yaƙi ke buƙata, a wannan watan kuma ta yi musaya da Ingila: dilar auduga 600,000 a bakin roba tan dubu tamanin da 'yan kai. Abin mamaki shi ne a 1938, ana saura shekara guda yaƙi, kwamitin yarjejeniyar kuza rage kason haƙa ya yi don kada farashi ya faɗi. A ganina wannan ya nuna wanda ke riƙe da linzami a lokacin: masu hannun jari ne, ba janar-janar ba.

Ina zinariya a cikin wannan? Ba a ƙera bindiga da ita, amma da ita ake sayen duk abin da ake ƙera bindiga. Da aka fara yaƙi a Satumban 1939, gwamnati ta kama Jamusawan da ke Nijeriya ta karɓe dukiyar kamfanoninsu, aka kuma tsayar da farashin zinariya a sule 168. A Nuwamba Amurka ta ce za ta sayar da makamai, amma kuɗi hannu, kuma mai saye ya zo da jirginsa. Ingila ta shiga kwashe taskarta. A 1940 ta yi ta loda zinariya a jiragen yaƙi zuwa Kanada, a farkon 1941 kuma jirgin yaƙin Amurka ya je har Afirka ta Kudu ya ɗauko zinariyar Ingila a bakin bashi. A waɗannan shekaru biyu, kowace oza da aka wanke a rafukan Ngaski da kewayen Yalwa kayan yaƙi ce, kuma gwamnati tana son ta.

Sai abubuwa biyu suka juya lissafin. A Maris 1941 Amurka ta kafa dokar ba da makamai aro, saboda haka Ingila ba ta ƙara buƙatar biya da zinariya nan take. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 kuma Singafo ta faɗa hannun Japan, bayan Malaya, a watan Maris tsibiran Indonesiya suka bi. Fiye da rabin kuzar duniya ya koma hannun abokan gaba, tare da kusan duk roba. Manyan filayen kuzar da suka rage wa Ingila da ƙawayenta su ne Boliviya da Kwango da Jos.

Nan take zinariya ta zama abin da ke cin ma'aikata da kayan aiki a banza. A Oktoban 1942 Amurka ta rufe ramukan zinariyarta da doka. A Gana an rufe wasu aka tattara aiki a kaɗan. A Nijeriya hankalin gwamnati ya koma Jos gaba ɗaya, Turawan da suka san aikin haƙa aka ja su can ko aka sa musu kaki, kayan gyara suka yanke, filayen zinariya suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen da aka kora daga Jos a 1931 saboda kuza ta yi yawa, yanzu su ake nema ido rufe saboda ta yi kaɗan. Kamfanoni ba su yarda su ƙara lada yadda mutane za su zo da kansu ba, sai gwamnati ta kafa dokar aikin tilas a 1942. Aka yanka wa larduna adadi, Razdan ya saukar wa En'e, En'e ta saukar wa hakimai, hakimai suka saukar wa dagatai. Kowa ya san wanda dagaci ke nunawa in an ce ya kawo mutum goma: ba ɗansa ba ne, ba kuma ɗan mai hali ba. Daga 1942 zuwa Afrilun 1944 kimanin mutum 100,000 aka ɗiba daga lardunan Arewa, ana kai su rukuni-rukuni na 'yan watanni. Mutumin da ya saba da zafin bakin Kwara ko na Rima aka kai shi tudun da ya haura mita 1,200, cikin sanyin hunturu, da ɗaki mara kyau da abincin da bai isa ba. Ciwon haƙarƙari da atini suka kashe mutane da yawa, wasu dubbai suka gudu suka kama hanyar gida a ƙasa. Maganar ta kai majalisar dokokin Ingila, inda 'yan jam'iyyar Leba irin su Arthur Creech Jones suka yi ta tambaya. Abin da aka haƙa ya kai ƙololuwa a 1943, tan dubu goma sha bakwai da ɗoriya na ƙasar kuza, amma ƙarin bai kai yawan mutanen da aka tara ba, kuma gonakin da aka bari sun jawo ƙarancin hatsi. Shi ya sa aka soke tsarin tun yaƙi bai ƙare ba.

Bayan yaƙi zinariyar Arewa ba ta farfaɗo ba. Yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 ta daskarar da farashi a dala 35, alhali kuɗin lebura da kaya suna ta hawa, kuma rafukan da ke da sauƙi an riga an tace su. A 1950, bayan matsin 'yan kishin ƙasa irin su Nnamdi Azikiwe, gwamnatin Nijeriya ta biya UAC fam miliyan guda ta fanshi sauran shekarun alkawarin 1900. Rabon Jos bai ƙare ba: a lokacin yaƙin Koriya Amurka ta buƙaci kwalambait don injin jiragen sama, ta ninka farashi a 1952, aka koma ana tone tarin sharar kuzar da aka zubar shekaru da dama. A 1957 hukumar binciken ƙasa ta buga rahoton W. Russ a kan duwatsu da zinariyar lardunan Neja da Zariya da Sakkwato, a lokacin da yawancin ramukan da ya bayyana ciyawa ta rufe su.

Abin da ya sake fasalin Yawuri bayan nan ruwa ne. Madatsar Kainji da aka gina daga 1964 zuwa 1968 ta tashi mutum kimanin 44,000, ta shanye tsibirai da fadamun Gungawa, ta mai da hankalin yankin ga kamun kifi da sabon zama. Zinariya ta koma zancen masana. Farfesa Ibrahim Garba, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda suka yi nazarin jijiyoyin Birnin Yawuri.

Farashi ne ya sake tayar da ita. Tun da Amurka ta saki dala daga zinariya a 1971 babu sauran ƙayyadewa, kuma a Agustan 2020 oza ta haura dala 2,000. Gwamnatin tarayya ta zaɓi Kebbi da Osun don gwajin shirinta na yi wa ƙananan masu haƙa rajista, a watan Yulin 2020 kuma aka miƙa wa Shugaba Buhari sandar zinariya mai kilo 12.5 wadda Babban Banki ya saya naira miliyan 268. Bayan ƙasashen Yamma sun riƙe ajiyar kuɗin Rasha a 2022, manyan bankunan ƙasashe sun sayi zinariya fiye da tan 1,000 a shekarar, suka maimaita a 2023. A Libata ta ƙasar Ngaski kuma wani dutse ne ya fito, mai ɗauke da litiyam da ake yin batir, wanda mafi yawan tacewarsa a duniya Sin ce ke yi, kuma Amurka da Turai sun sa shi a jerin ma'adinan da suke tsoron a yanke musu. A Satumban 2023 gwamnatin Kebbi ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro. Lasisin kuwa daga Abuja ake bayarwa, domin sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa.